Tayi na Ukun da Bai Zo Ba

Peruja, Italiya
12 ga Janairu

Zuwa ga Gwaggona Zenaba, unguwar Yelwa, Garoua.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda 'ya ke durƙusawa ta yi wa uwar da ta raine ta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk wanda ke ƙarƙashin rufinki. Yaya gwiwar nan taki? Allah ya sa kin daina yi mata taurin kai, kina shan maganin da aka rubuta miki, ba wai ki shafa man shanu ki ce ta warke ba. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Na samu labarin haihuwar Kaltouma, na kuma ga hoton jaririyar, Allah ya raya Khaula, ya sa mahaddaciya ce. Hancin dai na gidanmu ne, kar dangin uban su wahalar da kansu. An kuma ce masakwarki, dawar ranin nan ta bakin kogin Binuwai, ta fid da kai da kyau bana, Allah ya tsare ta daga tsuntsaye. Ni ma lafiyar jiki ina da ita, alhamdu lillahi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Sau uku ina kiranki a makon nan da niyyar in faɗa miki abin da ke cikina, sau ukun kuma kina sa wayar a lasifika a tsakar gida. Wannan ya ce a gaishe shi, wancan ya ce in taho masa da takalmi, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambayata da Fillanci wai da gaske ne Turawa ba sa wanka. Ta ina zan fara? Sai in ce lafiya lau, in kashe. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, zan ɗauki hotonta in tura wa Yaya Sadiƙa ta karanta miki a ɗaki, ƙofa a rufe. Yaya Sadiƙa, don girman Allah kar ki tsallake ko layi ɗaya, in kuma dariya ta zo miki ki riƙe ta sai kin fita waje.

Gwaggo, kin fi kowa sanin yadda aka yi na zo ƙasar nan. Da makarantarmu ta sa sunana cikin waɗanda za su zo su yi semestir ɗaya a nan, Baba cewa ya yi babu inda za ni, 'ya mace ba miji ba muharrami ba za ta tsallaka teku da izininsa ba. Ke kika yafa mayafinki kika hau mashin kika same shi a shagonsa na babbar kasuwa, kika zauna kan dilar atamfa tun azahar har aka kira la'asar. Daga ƙarshe ya ce wata huɗu, ba ƙarin kwana ɗaya, kuma da na gama digirina na biyu, mastar ɗin nan, a bana boko ya ƙare. Kika ce kin tsaya mini, in na ƙara kwana ɗaya ke za a tambaya. Ya ɗauki biro ya zagaye ashirin da shida ga Janairu a kalandar da ke bangon shagon, ya ce ranar yake so ya gan ni a Garoua da idonsa. Tun da na zo, wannan zagayen biron nake kallo a zuciyata. To a kansa ne nake rubuto miki, amma bari in fara daga farko, don ki gane yadda 'yarki ta yi abin da ta yi.

Na gaji, Gwaggo. Ban taɓa faɗa miki a waya ba don kar ki ce ke kika jawo mini, amma wallahi na gaji har cikin ƙashina. Garin nan a kan dutse aka gina shi, ba irin dutsen Mindif da ake nuna wa yara daga cikin mota a wuce ba, a'a, a kansa mutane ke zaune, a kansa suke kasuwa. Daga ɗakina zuwa aji matakala ce fiye da ɗari biyu, na daina ƙirgawa tun makon farko. Akwai wata mai tafiya da kanta, amma ba ta bi ta unguwarmu ba. Ga sanyi. Ni da nake zagin ranar Garoua ta watan Afrilu, na tuba, na bi Allah na bi ta. Nan sai a yi kwana biyar ba a ga rana ba, in ta fito ma ba ta da zafi, kafin ka gama addu'ar la'asar magariba ta kawo kai. Karatun kuma an ce mana da Ingilishi za a yi, da muka zo sai ga rabin malaman da Italiyanci suke yi. Sai in ɗauki muryar malami a waya, in dawo ɗaki in juya ta zuwa Faransanci, sannan in zauna in fahimce ta da Hausa. Ko biskit zan saya sai na tsaya na karanta bayan ledar kaf, don mutanen nan ba abin da ba sa sa wa alade. Kuka da yajin da kika ƙulla mini tun Nuwamba suka ƙare, na wanke ledar yajin na sha ruwan, ban ji kunyar kowa ba.

Abin da ya riƙe ni a garin nan mutum biyu ne. Na farko Achille, ɗan Domayo ne a Maroua, Kirista, shekararsa shida a nan yana karatun digirin dokta. Shi da matarsa su ne danginmu, mu 'yan arewa, in na je gidansu ranar Lahadi mu yi ta Fillanci har in manta inda nake. Ta biyu ita ce tsohuwar da nake zaune a gidanta, sunanta Assunta, mijinta ya rasu, za ta yi sa'arki ko ta ɗan girme ki. Ranar da na sauka, ban san kalma goma na yarensu ba, ta zubo abinci a faranti ta miƙo mini. Na sunkuyar da kai na ce a'a, na gode, alhali rabona da abinci tun cikin jirgi. Ta riƙe ƙugu ta sake turo farantin. Na sake cewa a'a. Ta ɗaga hannu sama tana ta faɗa, ta kama kafaɗata ta zaunar da ni, ta danƙa mini cokali, sannan na ci. Haka muka yi ta yi kullum har wata uku, ta yi tayi, in ƙi, ta sake, in ƙi, ta matsa, in karɓa. Ta koyi cewa ba na cin alade ba na shan giya, har tukunya ta ware mini. Sai na ce a raina, ashe mutanen nan 'yan gida ne, sun san yadda ake yi. Wannan tunanin shi ya kai ni ya baro.

Kin tuna wata sallah, ina 'yar shekara bakwai, da kika kai ni gaisuwa gidan Alhaji Adoum? Matarsa ta miƙo mini cinyar kaza, na cafke tun hannunta bai gama miƙewa ba. Kika bar ni har muka yi sallama. Amma daga ƙofar gidan har gida mintsinina kike yi a cinya, kina cewa a garin Fulani muke zaune, ba za a ce 'yar Hausawa mayunwaciya ce ba. Ranar kika koya mini cewa tayin farko na baki ne, na biyu gwaji ne, na uku shi ne na zuciya, kuma 'yar mutunci ba ta miƙa hannu sai a na uku. Shekara goma sha bakwai ke nan, ban taɓa karya wannan doka ba, ko a makarantar kwana, ko a jami'a. Ta zauna mini a jiki, ba sai na yi tunani ba bakina ke faɗin a'a.

Yanzu bari in gaya miki yadda suke jarrabawa a nan, don ba irin tamu ba ce. Ba takarda ake raba wa mutane a rubuta ba. Malami ne zai zauna a bayan tebur, ya kira sunanka, ka zo ka zauna a gabansa, ya yi ta yi maka tambayoyi da baki, sauran ɗalibai na zaune a bayanka suna ji. In ya gama, nan take zai faɗi makinka a cikin talatin, sha takwas ne cin jarrabawa. Sannan sai ya tambaye ka ko ka karɓa. In ka karɓa ya rubuta, in kuma kana ganin ka fi ƙarfin makin sai ka ce ba ka so, a share, ka dawo wani zaman ka sake daga farko. Ba zan yi miki ƙarya ba, Achille ya gaya mini wannan tun watan Oktoba. Na ji da kunnena, har na yi dariya na ce wane mahaukaci ne malami zai ba shi maki ya ce ba ya so. Amma abin da kunne ya ji sau ɗaya ba ya kayar da abin da aka mintsina wa mutum a cinya.

Ranar Talatar da ta wuce aka yi jarrabawar darasin ƙasar noma da ban ruwa. Shi ne babban darasin da na zo dominsa, in babu makinsa makarantarmu ba za ta lissafa mini semestir ɗin ba gaba ɗaya. Sauran ƙananan duk na ci su, alhamdu lillahi. Farfesan wani dattijo ne mai farar gira, ɗalibai na tsoronsa, an ce ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Mako uku na yi ina karatu har idanuna suka fara yaji. Da ya kira sunana na zo na zauna. Tambaya ta farko na amsa da ɗingishi, ta biyu ma haka. Sai ya gyara tabarau ya ce in yi masa bayanin baƙar ƙasar laka wadda ke tsattsagewa da rani, in kuma faɗa masa ko ana iya noma ta bayan ruwan sama ya ɗauke ba tare da ban ruwa ba.

Gwaggo, karal ya tambaye ni, ƙasar da muke dasa masakwa! Gonarki ya tambaye ni! Ban san lokacin da tsoron ya fita ba. Na haɗa Italiyanci da Faransanci da hannuwa, inda kalma ta ƙare mini na ɗauki bironsa na zana masa. Na gaya masa yadda ake ɗaga ƙananan kunyoyi a raba gonar gida-gida don ruwan damina ya kwanta ya shige ƙasa. Na gaya masa yadda ake sare ciyawa a ƙone, yadda ake huda ƙasa da sandar nan mai tsini, a zuba ruwa rabin ƙoƙo a ramin, a dasa tsiro biyu bayan an rage musu ganye da saiwa, daga nan kuma ba za a ƙara ba su ko ɗigo ba har girbi. Na gaya masa yadda kike dunƙule ƙasar a tafin hannunki ki san ko ta isa dashe ko a ƙara mata kwana uku. Sannan na ɗora masa bayanin littafi a kai. Ya ajiye bironsa ya harɗe hannu. Da na gama ya tambaye ni wa ya koya mini wannan, na ce gwaggona. Sai ya juya wajen ɗaliban, sun kai arba'in, ya ce shekara talatin yana koyar da wannan ƙasa daga littafi, yau ne ya ji ta daga bakin wanda ya taka ta. Ya ce saboda tambayoyin farko ba zai ba ni talatin ba, amma ya ba ni ashirin da takwas. Ya tambaye ni ko na karɓa.

Ki duba mini, Gwaggo. Dattijo sa'an Baba ya yabe ni a gaban mutum arba'in, duk sun zuba mini ido, sannan ya miƙo mini abu mai girma haka. Kunya ta lulluɓe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na sunkuyar da kai, na haɗa hannuwa a cinya, na ce a'a Farfesa, na gode. Na fahimci tambayarsa sarai, ba yare ne ya ruɗe ni ba. Ya cire tabarau ya dube ni, ya sake tambaya, wai na tabbata ba na so. Na ƙara sunkuyawa na ce a'a, na gode. A raina na ce saura ɗaya, har na shirya abin da zan faɗa, in ce to tunda ka matsa, Allah ya saka da alheri. Ina nan ina jira sai na ji ya ce yana girmama ɗalibin da ba ya yarda da komai sai talatin cif. Ya danna wani abu a kwamfutarsa, ya kira sunan na bayana. Har wasu ɗalibai suka ɗan tafa mini. Na tashi na rusuna na fita, kuma wallahi har na kai ƙofa ina zaton ashirin da takwas ɗina na nan a rubuce, ina ganin ya dai gajarta zancen ne don mutane na jira.

Achille na tsaye a baranda, ya zo ya ji yadda zan yi. Na same shi ya ɗora hannu biyu a ka. Ya tambaye ni da Fillanci ko aljanu ne suka shafe ni, ya ce shekararsa shida bai taɓa jin dattijon nan ya ba wani ashirin da takwas ba, ni kuma na sa ƙafa na shure. Sai a lokacin abin ya faɗo mini, na zauna a kan matakala. Ya ce in tashi maza in koma ciki in ce kuskure ne, tun bai rufe rajistar ba. Na je har bakin ƙofa, na ga Farfesa na tsakiyar yi wa wani tambaya, na kasa. Yaya zan katse babba yana cikin aikinsa? Na ce bari in jira ya gama. Na jira har ƙarfe biyar, ashe ta wata ƙofar ya fita, kuma kafin ya fita ya sa hannu ya rufe rajistar ranar. Kin ga kunya ta ci ni sau biyu a yini ɗaya.

Washegari na same shi a ofis, Achille ya raka ni don ya cike mini inda yare ya gaza. Na gaya masa komai, har cinyar kazar gidan Alhaji Adoum. Na zaci zai yi dariya, bai yi ba. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, kuma da ya sani da ya tambaya sau goma. Amma ya ce abin da aka sa wa hannu ya rufu, mutum arba'in sun ji na ƙi, ba shi da ikon ya dawo da shi a ɓoye. Ya ce su ma suna tayi sau uku, amma a kan teburin abinci kawai. Zama na gaba sai sha huɗu ga Fabrairu, kuma daga farko za a sake, da wasu tambayoyin, don ba zai yi mini wadda ya riga ya san na sani ba. Da na koma gida na ba Assunta labari da guntun Italiyancina, ta tafa hannu, ta kira sunayen waliyyansu kaf, ta yi faɗa har ta gaji. Can ta zubo miyar wake ta miƙo mini, na sa hannu biyu na karɓa nan take. Sai ta tsaya tana kallona, ta jawo kaina ta rungume, muka yi ta kuka mu biyu, miyar na hucewa.

To ga inda nake, Gwaggo, gaba kura baya sayaki. In na hau jirgin ashirin da huɗu ga wata kamar yadda aka tsara, in bi jirgin ƙasa zuwa Ngaoundéré, in shiga mota, zan iso Garoua ranar da Baba ya zagaye, maganarki ta cika. Amma hannu rabbana zan dawo. Wata huɗun nan na sanyi da matakala sun tafi a banza, sai na maimaita shekara, Baba kuma ya riga ya ce bana ce ta ƙarshe, ke nan mastar ɗin ta tafi. In kuma na tsaya na sake jarrabawar, sai wajen sha takwas ga Fabrairu zan iso, kwana ashirin da uku bayan ranar da kika ɗaukar mini alkawari. Ofishin da ke kula da mu sun yarda su matsar da tikitin, takardar zamana ma tana da sauran kwana har ƙarshen Fabrairu, Assunta ta ce ɗakin nawa ne. Amma sun ce in ba su amsa kafin Juma'a mai zuwa, sha tara ga wata. Kuma ni ba zan ƙara ko kwana ɗaya a ƙasar nan ba sai da izinin Baba, ba zan sa ki jin kunya a gaban yayanki ba. In gaya miki gaskiya, rabin zuciyata so take ya ce a'a, in tattara in dawo in kwanta a tabarmarki in yi barcin kwana uku. Amma na san in na huta zan yi kukan abin har tsufana.

Kar ki ce laifinki nake gani. Kwana biyu na yi ina jin haushinki, ba zan ɓoye ba, har na ce da Gwaggo ta bar ni na ci kazata lafiya da duk haka ba ta faru ba. Daga baya na tuna cewa ashirin da takwas ɗin ma ai naki ne. Ke kika tashe ni da sassafe kika sa ni ɗaukar ƙoƙon ruwa a bayan masu dashe ina ƙunƙuni, ke kika sa mini laka a hannu kika ce in matsa in ji. Hannun da ya ba ni abin da na faɗa wa Farfesa shi ne ya koya mini in ce a'a. Ba zan karɓi ɗaya in zagi ɗaya ba.

Abin da nake roƙo shi ne ki sake yafa mayafin nan ki je wa Baba. Ni ba zan iya kiransa da wannan magana ba, kin san da na ji muryarsa bakina ke mutuwa. Ki gaya masa gaskiya duka, kar ki rage, kar ki ce makaranta ce ta ɗaga jarrabawa. Amma kafin ki je, akwai abin da na daɗe da sani ban taɓa faɗa miki ba, ki yafe mini in na wuce gona da iri. Shekarar da na gama aji huɗu na sakandare, Baba ya samu kujerar Makka biyu. Ina tsakar gida ina wanke-wanke ya shigo ya ce miki ɗaya taki ce. Kika ce a'a Yaya, ina ni ina wannan. Ya ce ki dai duba. Kika ce a'a, a ba wanda ya fi ki buƙata. Sai ya ce to shi ke nan, ya sa takalminsa ya fita, bayan kwana biyu muka ji ya ba abokin kasuwancinsa. Ni kuwa na san tun da aka fara raɗe-raɗin kujerar kika kai farin yadi wajen tela. Na gan ki ranar kina ninke farin hijabin nan kina sa shi can ƙasan akwati, da na shigo kika ce hayaƙin murhu ne ya shiga idonki, alhali ba a hura wuta ba. Shekara tara ke nan, yana nan a ƙasan akwatin, na gan shi lokacin da kike neman jakar da zan yi tafiya da ita.

Gida ɗaya kuka tashi da Baba, uwa ɗaya ta mintsine ku, ya san dokar uku sarai. Amma shi ɗan kasuwa ne, in abu bai kwanta masa ba a na biyu yake tsayawa, ya bar mutum da kunyarsa, kuma ba wanda zai ce ya hana. Na san yadda za a yi in kin je. Zai ja carbi, ya ɗaga kai ya kalli kalandar nan. Zai ce ai ya faɗa tun farko. Ki bar shi ya faɗa, yana da gaskiya. Can zai ce, da rabin baki, yana kallon wani wajen, to in kin ga ta zauna ta zauna. A nan ne nake jin tsoro, Gwaggo, ba tsoronsa ba, tsoronki. Don na san harshenki zai ce a'a Yaya, ni ba na ce dole ba ne, yadda ka gani dai. Shi kuma zai ce to ta dawo, magana ta ƙare.

Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata ina sa rigar sanyin kuma ina cin abinci, kar ki gaya mata sauran sai an gama da Baba. Ki gaida Kaltouma da jaririya da angon ƙarni, da Yaya Muktar da iyalinsa a Ngong, ki ce masa in motarmu ta tsaya a garinsu ina son gyaɗa soyayya ba gaisuwar baki ba. Ki gaida Mahfuzu, ki ce na ji saƙon takalminsa, da Fati, da maƙwabciyarmu mai tambaya, ki ce mata suna wanka. Yaya Sadiƙa, na gode, Allah ya bar zumunci, yanzu kina iya fita ki yi dariyarki. Assunta ta ce in gaida matar da ta koya mini ƙin abinci, ta ce tana da magana da ke.

Ni dai na yi miki alkawari, in Allah ya kai mu sha huɗu ga Fabrairu, ko sha takwas dattijon nan ya ba ni zan karɓa da hannu biyu tun bai rufe baki ba, kuma in sha Allahu da ni za a ɗauki azumi a gidanki. Ke ma, don Allah, don darajar iyayenki, in Baba ya ce ta zauna, ki cije harshenki. Ki ce na gode Yaya, ki tashi ki sa takalminki ki fito, ko shayin kar ki tsaya sha. Ba zai faɗa sau uku ba, Gwaggo. Ki karɓa tun a na farko.

Wassalam. Taki har kullum,
'yarki Mardiya Dawuda